Safar Kaka a Filin Besbol

Jiya da yamma ina cikin tafiyar da likita ya ɗora mini saboda hawan jini, a gefen wata makaranta can wajen Umm Salal, sai na ji sanda ta haɗu da ƙwallo. Ba ƙarar wasan kurket ba ce, wadda ake ji a kowane kangon fili na Doha ranar Juma'a da safe. Ta kurket tana da faɗi, kamar an mari ƙofar katako. Wannan siririya ce, busasshiya, tana isa kunne kafin ido ya gano inda ƙwallon ta nufa. Na leƙa ta shingen waya, na ga yara sanye da hulunan hana-salla suna wasan besbol. Ban san ko ɗaya daga cikinsu ba, amma na daɗe a tsaye, domin a gefen kakana na fara jin wannan ƙarar, a shekarar da aka sa ni in sa masa ido.

Mahaifin mahaifiyata ne. Ya shigo ƙasar nan da sauran ƙuruciyarsa, bayan aikin Hajji, ya kama tuƙi a gidan wani attajiri, ya bar iyalinsa a gida sai dai ziyara jefi-jefi. Sai da ya yi furfura sannan Allah ya kawo mu. Abba likita ne, ya sami aiki a nan, muka tare a unguwar Garrafa ina ƙarama. Da maigidan Kaka ya rasu, 'ya'yansa suka hutar da shi daga tuƙi, amma suka ci gaba da zama kafil ɗinsa, wato da sunansu ake sabunta masa takardar zama. Sharaɗi ɗaya suka faɗa wa Abba, cikin ladabi: muddin tsohon yana da lafiya, garin nan garinsa ne, ranar da ciwo ya kwantar da shi, gara ya koma cikin danginsa. Kowa a gidanmu ya san wannan magana, har shi kansa. Ba wanda ya taɓa furta ta a gabansa.

Ya kamata in bayyana maka yadda gidan yake, in ba haka ba abin da ya biyo baya ba zai shiga hankali ba. Kaka bai yarda ya kwana a cikin gidan surukinsa ba. Ɗakin waje ya ɗauka, na bakin get, mai ƙofarsa ta daban zuwa titi. Abba yakan je da safe ya cire takalmi, ya tsuguna a bakin ƙofa, ya gaishe shi kai a sunkuye, ya tashi. Mutumin da yake yini yana tambayar baƙi launin fitsarinsu, bai iya tambayar wannan tsoho abin da ya wuce "An tashi lafiya?" ba. Umma kuwa 'yar fari ce. Kaka bai taɓa kiran sunanta ba, ba ya kallon fuskarta. Idan yana son ruwan zafi sai ya ce da bango, "Ko mutanen gidan nan sun dafa ruwa?" Ita kuma ta kawo ta ajiye a bakin ƙofa ta juya. Ni kaɗai ce nake faɗawa ɗakin yadda na ga dama, in hau katifarsa, in cire masa hula. Yana kirana amarya, ina kiransa tsohon ango. Duk abin da ya zo bakina ina faɗa masa, shi ma ya rama, kuma ba mai cewa rashin kunya ne, domin haka jika take da kakanta.

A watannin zafi, lokacin da iskar waje take kamar tururin tukunya har gilashin taga ya yi gumi, a ɗakinsa nake yini. Tsohuwar na'urar sanyaya ɗakin tana kakari, ƙamshin man zafi da na turaren itace sun cakuɗe. A nan ya koya mini garin. Ya ce da ya zo, teku tana kaiwa inda motoci ke gudu yanzu. Ya ga 'yan ga-ruwa da garwa biyu a sanda suna bin lungunan tsohon gari, ya ga jiragen masu nutson lu'ulu'u suna ruɓewa a bakin gaɓa ba mai saye. Ya san kowane shataletale da sunansa, da abin da ke wurin kafin a gina shi. Direbobi 'yan uwanmu daga Sana'iyya, unguwar garejoji da ɗakunan leburori, sukan zo ranar hutu su zauna su saurara. A wurinsu, abin da Alhaji ya faɗa a kan Doha ya zauna ke nan.

A wurina bai zauna ba. Na fi su jin labaran, saboda haka na san suna motsi. Attajirin da ya ba shi agogo yau, gobe shi ne marowacin da ya hana shi. Ruwan saman da ya taɓa cinye motarsa, wata rana gwiwa ya kai, wata rana ƙirji. Idan na kama shi sai ya ce, "Ke kina nan aka yi?" In ce, "Da alama kai ma ba ka nan." Ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi. A ɗakin nan na koyi sauraron mutum ina auna shi.

A shekarar da nake magana aka gano yana da ciwon suga. Abba bai duba shi da kansa ba, wani abokin aikinsa ya haɗa shi da shi. Aka ba shi magani, aka hana shi zaƙi, aka ce ya riƙa tafiya kullum. Da sanyi ya shigo, iska ta yi daɗi, maƙwabta suka fara fito da kujeru ƙofar gida, sai Kaka ya fara fita bayan la'asar, ba ya dawowa sai bayan magariba. Ya ce zaga gari yake yi, yana duba abin da aka rushe. Har ya ajiye silifa, ya sayi takalmi sau-ciki da safa, ya ce na tafiya ne.

Amma awon jininsa bai sauka ba, hawa ma yake yi. Ya tsallake ranar ganin likita, ya ce mantawa ya yi, mutumin da bai manta sunan rijiyar da aka cike tun kafin a haifi Umma ba. Na ji Abba yana ce wa Umma a kicin, murya ƙasa-ƙasa, mai irin wannan tafiya ya kamata ya dawo a gajiye da yunwa, shi kuwa Baba a ƙoshe yake dawowa. Umma ta ce wata maƙwabciya ta gan shi a gaban wata a-kori-kura. Tambaya ɗaya ce a ransu, kuma ba wanda bakinsa zai iya ɗaukar ta zuwa ɗakin waje. Sai suka juyo suka dube ni.

"Ki riƙa raka mijin naki," in ji Umma. "Bai kamata tsoho ya riƙa bin titi shi kaɗai ba."

Ina firamare a lokacin, amma na gane aikin da aka ba ni.

Ranar farko muka taka har kwanar layinmu, iyakar tafiyar ke nan. A-kori-kurar tana jira, direbanta wani Bakano ne mai dakon kaya a Sana'iyya. Ya leƙo ta taga ya ce, "Yalla, mu je, Alhaji, an fara! Au, yau da uwargida aka fito?" Kaka ya ce, "Ba ta yarda da ni ba ne, ta biyo sawu." Muka bi titin da ya nufi arewa har gidaje suka yi ƙaranci, muka sauka a wani fili mai tsakuwa a bayan katangar wata gona.

A can na ga wasan. Yawancinsu 'yan Filifin ne, da wasu 'yan Benezuwela masu aikin iskar gas. Sun cika buhunan siminti da yashi sun ajiye a kusurwa huɗu. Wani ya jefo ƙwallo, wani ya maka ta da kulki, ya yar da kulkin ya ruga daga buhu zuwa buhu, sauran suna neman cafke ƙwallon da wata ƙatuwar safar hannu ta fata kafin ya isa. Kaka ya ce langa ce aka ƙara mata sanda. Shi ne alƙalinsu. Yana tsaye a bayan mai cafkewa, da jallabiyarsa da hularsa zanna, yana yanke hukunci da hannu da wata murya da ban san yana da ita ba. Idan mutum ya zagayo ya taka buhun ƙarshe, sai ya ɗaga hannu ya ce "Ya sha!" da Hausa, su kuma su amsa "Ya sha!" ba su san ma'anarta ba. Ya ce a wurin Amurkawan da yake kaiwa rijiyoyin mai ya koyi dokokin, yana jiransu a rana. Wannan kam na yarda, domin ban ga wanda ya yi masa gardama ya ci ba.

Tsakanin zagaye da zagaye sai a miƙo masa karak, shayin nan mai kauri da madara da sukari, a ɗan kofin takarda. Kofi yana bin kofi. Yana sha yana ba su tarihin filin. Ya gaya wa 'yan Filifin a nan ake sukuwar dawaki a da. Da wani Basudane mai gadin gonar ya zo, ya ce masa rijiya ce a wurin, ayari ke yada zango.

"Ɗazu dawaki ka ce," na tuna masa a mota.

"Dawakin ba sa shan ruwa?"

Na kai rahoto cikakke: mota, fili, shayi. Abba ya saurara, ya jinjina kai. Amma me zai yi da shi? Washegari aka ba ni filas na shayi ba sukari in riƙa wa Kaka. Ya kurɓa sau ɗaya, ya dube ni ta saman kofin.

"Ashe 'yar sanda na aura."

"Kai ka jawo, da ka zama ɓarawon sukari."

Ya yi dariya, amma daga ranar ya fara tauna magana a gabana kafin ya fitar. Ina kallonsa, yana lura da ina kallonsa. Ya koma shan na filas, ya ƙi karak in dai ina wurin, har yakan ɗan zagaya filin don in sami abin faɗa a gida. Saurin ba da kan nan shi ya dame ni. Kakana ba ya sakin abu da sauƙi sai idan yana riƙe da wani wanda ya fi shi.

A wurin alwala na fara gani. Idan rana ta faɗi, Musulmin da ke filin sukan yi salla a gefen katanga. Kaka ya ɗauki gorar ruwa ya tsuguna, ya wanke fuska da hannaye, ya shafi kai. Da ya zo ƙafa sai ya cire takalmi, ya shafa jiƙaƙƙen hannu a kan safa. Mutanen ƙasar nan da yawa haka suke yi, ba wanda ya kalle shi. Amma ni na sha jin sa yana yi musu tsiya a kan haka. Ya ce yadda malaminsa ya karantar da shi, in ba huffin fata ba ne, a cire a wanke, a tsettsefe yatsu. Sauran duk lalaci ne aka naɗa wa rawani. Ya taɓa sa ni sake alwala don na bar dunduniya a bushe.

"Tsohon ango, yaushe ka shiga sahun ragwaye?"

"Sanyi ake yi."

"Bara ba a yi sanyi ba?"

"Na yi tambaya, an ce ya halatta. Khalas, magana ta ƙare."

Na ƙyale shi, na ci gaba da kallo. Na lura ko a ɗaki ba ya cire safar. Da kansa yake wanke abarsa ya shanya a bayan ƙofa, ba ya haɗawa da kayan wanki. Ya ƙara yawan turare. Wata rana aka yi ɗan yayyafi, filin ya yi ƙamshin ƙasa, ya zauna a kan bulo zai mayar da takalmi bayan salla. Na ga ƙasan safar dama ya manne da fata, da wani tabo mai duhu wajen babban yatsa, ƙuda yana sauka yana tashi. Wata tsakuwa mai kaifi ta faɗa cikin takalmin a kan idona, ya zura ƙafa a kanta, ya miƙe bai ji komai ba. Ni na ce ya zauna in zazzage masa.

Ya ga na gani. Bai kira ni amarya ba.

"Saurara," ya ce. "Ƙusa ce na taka, za ta warke, ina sa mata magani. In aka ga wannan, jirgi za a sa ni. Duk wanda na sani a nan aka binne shi. A can wa zan ce wa ka tuna kaza, ya ce mini ya tuna?"

A hanya na yi ta juya maganar. Mai yiwuwa gaskiya ce, ƙusa ce kuma za ta warke. Amma wannan bakin ne ya mayar da rijiya filin sukuwa. Ni kuma 'yar likita ce, na sha ji a wurin cin abinci yadda ake kawo masu suga da ɗan ciwo a yatsa, a sallame su ba ƙafa. In na yi shiru, zai iya rasa ƙafar. In na faɗa, zai iya rasa garin. Kuma na san faɗa kaɗai ba za ta wadatar ba. Rahoton shayi filas ya haifar. Rahoton ƙafa wani kewaye-kewayen zai haifar: a nemi wani dattijo ya yi masa magana, shi ya ce lafiyarsa ƙalau, a ci makonni ana ladabi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Kaka yana zaune a bakin katifarsa, ƙafafu a miƙe. Umma ta kawo tiren abinci ta ajiye a bakin ƙofa. Abba ya zo yi masa barka da Juma'a, ya tsuguna a inda ya saba. Na ratsa tsakaninsu na zauna a gaban ƙafafun.

"Yau amarya za ta yanke wa ango farce," na ce. "An ce ya kai na shaho."

"Tashi, ja'ira, sadakin da na biya bai kai nan ba." Ya fara janye ƙafar.

Na riga shi. Safar ta ƙi fita da farko, sannan ta fita gaba ɗaya. Warin ya danne turaren ɗakin. Ba zan kwatanta maka yatsan ba. Launinsa dai ba na jikin mai rai ba ne.

Sai Abba ya miƙe, ya tsallako bakin ƙofar da bai taɓa tsallakewa ba, ya durƙusa ya ce, "Baba, a gafarce ni." Ya ɗauki ƙafar da hannu biyu ya juya ta wajen haske. Kaka ya kawar da kai ya dubi bango. Daga inda take tsaye Umma ta ce, "Baba, tun yaushe?" Ban taɓa jin ta yi masa tambaya kai tsaye ba sai ranar. Kaka bai dube ta ba, ni ya kalla.

"Ki ce da ita tun farkon sanyi."

Ya yi makonni a asibiti. An cire babban yatsan da na kusa da shi, ƙafar ta tsira. Likitan da ya yi aikin ya ce da an ƙara jinkiri kaɗan, da daga gwiwa za a yanke. 'Ya'yan maigidansa suka zo da dabino da turare, suka sumbaci goshinsa, suka keɓe da Abba a baranda. Ban ji abin da aka ce ba. Kafin zafi ya kama dai an haɗa kayan Kaka. Na tambayi Umma wa ya yanke wannan shawara, ta ce Larabawan ne. Direban a-kori-kura ya ce shi ya ji Abba ne ya ga gara haka. Kaka kansa bai ce komai ba. Labari ya ƙare a ɗakin waje. In na shiga sai ya kunna rediyo.

A filin jirgi, yana dogara sanda, ya dube ni ya ce, "Na sake ki." Kakanni suna faɗin haka kullum, kuma ba a barin su ba amsa. Na ce, "Da ma wa ke son tsoho mai yatsu takwas?" Leɓensa ya motsa. Har yau ban san ko dariya ce ba.

Ya yi shekaru a gida yana zuwa masallaci da ƙafarsa. 'Yan uwa sun ce yakan ba yara labarin garin da aka cike teku da yashi aka yi benaye a kai, su kuma su ɗauka ƙarin gishiri ne, alhali wannan ɗin gaskiya ne. Ina jami'a ya rasu.

Yanzu aikina ke nan, ina bin dattawan da suka daɗe a garin nan da na'urar ɗaukar murya, ina haɗa shiri da Hausa a kan yadda Doha take a da. Na auna labaran Kaka da nasu. 'Yan ga-ruwan gaskiya ne, jiragen ma haka. Filin besbol kuwa rukunin gidaje ne yau. Wani tsoho ya rantse mini akwai rijiya a wurin, wani ya ce tun tasowarsa juji ne, ba wanda ya taɓa jin labarin doki. Shataletalen da ya haddace, yawancinsu an fasa an kafa danja, amma direbobi suna ci gaba da kwatance da sunayensu, har waɗanda ba su taɓa ganinsu ba.

Gidanmu ma ya sauya. Abba ya ajiye aiki, yakan zo ya yi watannin sanyi a wurinmu. Tire ɗaya yake ci da mijina suna gardamar siyasa, mijina ya tambaye shi awon jininsa kamar yana tambayar ƙarfe nawa. Ni ma 'yar fari ce, amma sunana yake kira, kuma ina zama a gefen gadonsa. 'Ya'yana ba su san akwai tambayar da baki ba ya iya ɗauka ba. Ina ganin an sami lafiya a wannan, ko da yake ba zan rantse ba a rasa komai ba.

Kwanan baya na yi amfani da wannan sauƙin, na tambayi Abba abin da na daɗe ina zarginsa da shi: wa ya ce a mayar da Kaka gida, shi ko Larabawan? Ya daɗe yana goge tabarau.

"Ba ko ɗaya," ya ce. "Larabawan cewa suka yi ya zauna, tun da ya tashi da ƙafarsa. Shi ya aiko wani dattijo abokinsa ya ce a yanka masa tikiti. Ya ce ba zai iya kwana a gidan da surukinsa ya riƙe masa ƙafa ba."

Na dubi fuskarsa yadda nake duban dattawan da nake ɗaukar muryarsu, ina jiran inda labarin zai motsa. Bai motsa ba. Mai yiwuwa gaskiya ce, mai yiwuwa kuma ita ce wadda ya fi iya zama da ita. Da za a mayar da ni wannan Juma'ar, zan sake cire safar, ba na shakkar haka. Abin da nake ta juyawa shi ne, da na bari Abba ya gama gaisuwa ya bar bakin ƙofar tukuna.